Yatsa na Shida

"Wato babana bai isa ya taɓa ƙasusuwan mijinta ba, amma ya isa ya ba ɗanta 'yarsa?"

Kunlin ya ajiye kofin shayinsa. "Wanru, ba haka Mama ta ce ba..."

"To me ta ce?"

"Cewa ta yi a kira kamfanin nan na birni, su tono su ƙone a rana ɗaya. Wai don kada a wahalar da suruki."

"Tabɗi. Shekara arba'in babana yana wannan aikin a nan garin Budai, sai a kan mijinta zai wahala?"

Ni na san halina, ba na iya haɗiye magana. Saura mako uku bikinmu, ga uwar mijin da zan aura tana ta kewaye-kewaye. Shekara tara ke nan da binne mahaifin Kunlin, lokacin ɗebe ƙasusuwansa a sa a tulu, bisa al'adarmu, ya yi har ya gota. Ambaliyar bara ta tsaga kabarin, kakarsa kuwa ta rantse ba za a kawo amarya gidan ba ɗanta yana kwance cikin laima.

Kunlin ya kamo hannuna. "Kalle ni mana, rabin raina. Na riga na faɗa mata, Baba Hong ne zai yi, ke ce za ki taya shi. Wa zan ba amanar mahaifina in ba ku ba?"

Na harare shi, amma ban janye hannun ba. Matsalata da shi ke nan, ba ya barin fushina ya nuna.

Ranar da mai duba ya zaɓa, hantsi bai ɗaga ba masu haƙa suka buɗe akwatin, suka tafi neman abin karin kumallo. Muka rage mu huɗu. Kunlin ya tsaya da baƙar laima don kada rana ta taɓa mahaifinsa. Mahaifiyarsa, Mama Liao, tana gefe da baƙin tabarau, ta rungume jakarta kamar za a ƙwace.

Baba ya shiga ramin yana miƙo mini. Ni ina gogewa da giyar shinkafa ina jerawa a tabarma, daga kai zuwa ƙafa. In an gama, Baba zai ɗaga murya ya kira sunan mamacin, ya ce ya cika, wato ba ƙashin da ya ɓata, sannan ɗan mamacin ya ɗiga jan tawada a kan ƙasusuwan. Tun ina yarinya nake jin yana cewa ƙashi ba ya ƙarya, mai ɗibansa ma bai kamata ya yi ba.

"Kai, wanda ya sa safar nan ya iya aiki," in ji Baba, ya miƙo mini ƙafafun biyu cikin safa mai kauri. "Ko tsinke bai zube ba."

"Ni na sa masa da hannuna," Mama Liao ta ce da sauri. "Ban bar masu wanka sun taɓa ƙafarsa ba."

Na zazzage ta dama, na jera yatsun. Biyar. Na zazzage ta hagu, na jera.

Na sake jerawa.

Sau uku ina ƙirgawa. Shida ne. Wani ɗan ƙaramin yatsa a gefen na ƙarshe, da gaɓoɓinsa cif.

Mutum ɗaya na sani a duk garinmu mai wannan ƙafar. Kawu Mu, mai kula da tafkunan kifin gidan Liao, ba mata ba ɗa, kullum ba takalmi cikin taɓo. Muna yara mukan bi shi muna cewa, "Kawu Mu, ara mana yatsa ɗaya," ya kore mu da hularsa yana dariya. Shi ne abokin darar Baba a gindin bishiyar ɗakin ibada. A makon guguwar da aka ce ta ci mahaifin Kunlin, Kawu Mu ya ɓace, Mama Liao ta ce ya koma kudu wurin danginsa. Baba ya daɗe yana jin haushin tafiyar da ba sallama.

Gawar da aka tsamo a teku bayan guguwar kuwa ta kwana biyar a ruwa. Da riga da zobe Mama Liao ta shaida mijinta.

Na ɗago na kalli Kunlin. Yana kallon tabarmar, idonsa ya kaɗa, yana motsa baki yana yi wa mahaifinsa magana a hankali. Ina son mutumin nan har cikin ɓargona. Katunan gayyata sun fita, rigata tana wurin tela.

Na dunƙule yatsan a hannuna.

Baba ya fito daga ramin da ƙoƙon kan a tafinsa. Na ga babban yatsansa yana shafa ƙeyar, ya tsaya, ya sake shafawa. Bai kalli kowa ba.

"Wanru, ƙafar dama nawa?"

"Biyar, Baba."

"Ta hagu fa?"

Na sunkuyar da kai. "Biyar..."

Ya kalle ni. Ba faɗa, ba harara, kallo kawai. Tunda nake ban taɓa yi masa ƙarya a gaban gawa ba, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Sake ƙirgawa," ya ce.

Mama Liao ta matso ta tsugunna kusa da ni, kamar mai gyara tabarma. Ƙamshin turarenta ya cika mini hanci. "'Yata," ta raɗa mini, "abin da ya wuce ya wuce. Mako uku ya rage. Ki rufa mini asiri, ki rufa wa kanki."

A nan na tabbatar ta sani. Har zuwa lokacin ina fatan kuskure aka yi a bakin teku.

"Me ake raɗa?" Kunlin ya tambaya. "Wanru, me ke hannunki?"

"Ba komai."

"In kina ƙarya kunnenki ja yake yi. Buɗe."

"Kunlin, don girman soyayyarmu, kada ka sa ni..."

"Mahaifina ne. Buɗe."

Na buɗe. Na ajiye yatsan a gurbinsa, kusa da 'yan'uwansa biyar. Kunlin ya daɗe yana kallo. Kawu Mu ne ya koya masa iyo, ya san ƙafar nan fiye da ni.

"Mama," ya ce, muryarsa can ƙasa, "wa na yi shekara tara ina kawo wa shinkafa?"

"Ruwa ne ya haɗa ƙasusuwa, ambaliya ce..."

"A cikin safar da kika ɗaure da hannunki?" Baba ya tambaya.

Ta cire tabarau. Ban taɓa ganin ta ba kwalliya a ido ba, sai ta koma tsohuwa a gabana. "Yana raye," ta ce. "Babanka yana raye, Kunlin. Ba ka murna? Ziyarar ibadar da nake zuwa ƙetare duk shekara, wurinsa nake zuwa. Ya ga hoton amaryarka ma, ya ce ta yi."

Laimar ta karkace a hannunsa, ya yi sauri ya daidaita ta.

Sauran labarin a guntu-guntu ya fito. Kamfanin jatan landen da mahaifinsa ya tara rabin garin a kai, babu shi, takarda ce kawai. Asiri ya kusa tonuwa sai guguwa ta zo. Da aka ce ya mutu, mutanen da ya damfara su ne suka zo gaisuwa suna kuka, babana har ya ɗauki akwatin. Masu inshora ma suka biya.

"Babanka ya rantse mini zamewa Mu ya yi a bakin tafki," ta ce. "Ya riga ya mutu, sai muka... sai muka yi amfani da abin da ya faru, muka sa masa rigar babanka da zobensa, aka jefa shi teku."

Baba ya juya ƙoƙon kan ya nuna mata ƙeyar. "Wanda ya zame sau ɗaya yake faɗuwa. Nan sara biyu ne."

Ta durƙusa a gabansa cikin taɓo. "Maigida Hong, kira sunan mijina kawai. Kalma nawa ce? Mu ba shi da kowa, wa zai tambaya? Ka duba 'yarka."

Baba ya dube ni kuwa. Na ga yana so ya iya, na kuma ga ba zai iya ba. "Yana da ni," ya ce. "Shekara tara ina zagin sa a raina, ina cewa ya tafi bai yi mini sallama ba."

Kunlin ya miƙo mini laimar. "Riƙe. Kada rana ta taɓa shi."

Ya ciro wayarsa.

"In ka kira su, ba ka da uwa!" Mama Liao ta kama ƙafar wandonsa. "Ni na haife ka, ni na raine ka ni kaɗai..."

Hawaye yana zuba a fuskarsa, bai share ba. "Na sani, Mama. Ki yafe mini." Ya danna lambar 'yan sanda.

Ba a yi biki ba. An tsare Mama Liao, bayan wata biyu aka kamo mijinta a ƙetare. Garin ya ɗauka, wasu har suka fasa tagar gidansu. Kunlin ya ɗauki kakarsa ya koma birni. Saƙo ɗaya ya turo mini, wai in manta da shi, ban cancanci ɗan mai kisan kai ba. Na rubuta masa amsa mai zafi, na ce ba shi zai zaɓa mini abin da na cancanta ba. Bai buɗe ba.

A gida kuma Baba bai taɓa tayar da maganar ƙaryata ba. Amma ya daina tambayata ƙirgen ƙashi, shi yake yi da kansa. Wannan ya fi mini mari ciwo.

Wata biyar aka yi kafin hukuma ta sako ƙasusuwan. Baba ya sayi tulu da kuɗinsa. Muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ɗauko laima, sai muka tsaya muna kallon juna. Ba ɗan da zai ɗiga jan tawada.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Kunlin ne, ya rame, kamar ba shi ba. Ya rusuna wa Baba har ƙasa, bai yarda ya haɗa ido da ni ba.

"Na ji yau ne za a sa shi a tulu," ya ce. "Shekara tara ina zuwa kabarinsa ina ce masa Baba. A can na fara faɗa masa zan auri Wanru. In kun yarda, ni zan tsaya masa ɗa. In ba ku yarda ba, zan juya."

"Ka karanta saƙona?" na tambaya.

"Jiya na iya buɗewa."

"Wata biyar. To ka ji daɗi."

"Wanru, sunana ya ɓaci. Ba ni da abin da zan kawo miki."

"Na ce ka kawo mini wani abu? Ni da na so in ɓoye gawar mutum don in same ka, kai kuma ka ba da uwarka don kada a ɓoye. Wa ya kamata ya ji kunyar wani?" Kuka ya ƙwace mini. "Sakarai kawai..."

Baba ya tsoma alkalami a tawada ya miƙa masa. "Karɓi, ɗana. Rana tana yi. Maganar auren ku bari sai an sallami baƙo."

Kunlin ya karɓa da hannu biyu, ya tsugunna a ƙarƙashin laimata. Baba ya bi tabarmar daga kai yana dubawa, har ya zo ƙafafu. Sai ya janye hannunsa, ya ɗago ya kalle ni.

"Wanru, ƙafar hagu nawa?"

Na share idona don in gani sosai, na ƙirga a fili.

"Shida, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya ɗaga murya. "Wannan Mu ne, abokina. Ya cika."