Larai a Gonar Gyaɗa

"Wannan 'yar birnin za ta iya roro kuwa?"

Haka Larai ta ji wata mata tana tambaya, ranar da iyayenta suka kawo ta hutu ƙauye. An gama cire gyaɗa, yara suna tono wadda ta rage, kowa abin da ya samu nasa ne.

Larai ta ɗauki ƙoƙo ta bi su. Ta tona, ta tona, ba komai. Sai ta hangi goggonta tana binne gyaɗa a ɓoye.

"Larai, tona nan mana."

"A'a, Goggo, tawa nake so."

"Ke, taurin kai! Dariya fa ake miki."

"Su yi. Tawa nake so."

Ta koma gefen gona, ta tona har farcenta ya karye. Abin da ta samu ko gindin ƙoƙo bai rufe ba.

Delu, ƙaramar cikin yaran, ta tono wadda Goggo ta binne. Ta hau tsalle: "Na fi kowa! Na fi 'yar birni!"

Larai ta buɗe baki, ta dubi murnar yarinyar, ta rufe. Ta rungume ƙoƙonta, ta ƙudura a ranta ba wanda za ta gaya wa.