Duwatsun Taurari a Murhu

An yi wani makiyayi a ƙasar rairayi, inda babu dutse ko ɗaya. Duk sa'ad da tauraruwa ta faɗo, sai ya bi sawunta, ko zai tsinci baƙin dutsenta. Shekara ashirin yana bi, uku kaɗai ya samu, ya adana su cikin burgaminsa.

Wata rana ya tarar da wata tsohuwa, jikokinta suna kukan yunwa. Ga tukunya, ga gari, ga itace, amma babu duwatsun murhu.

Ya shafa burgami, ya dubi yaran. Ya shafa burgami, ya sake duban yaran. Sannan ya jera duwatsun, ya hura wuta.

Tsohuwa ta ce, "Ɗana, ba ka tsoron su fashe?"

Ya ce, "Ɗora tukunyarki, Iya. Ai cikin wuta suka sauko."