Sakwarar da Irmiya Bai Ci Ba

"Me ka ce? Ba za ka ci ba?"

Muryar Baba Akinola, mahaifina, har shagon maƙwabta. Irmiya na durƙushe gabansa, ƙato guda amma ya zama abin tausayi. Ranar ce ya fara zuwa gidanmu neman aurena, Mama kuwa tun hantsi take dakan sakwara.

"Baba, a yi haƙuri," ya ce. "Jibi za a ɗora ni a sikeli a Kaduna. In na wuce nauyi ko kaɗan, babu damben."

Gaskiya ya faɗa. Bana aka buɗe sabon aji a damben zamani, na masu jiki irin nasa, waɗanda ba su kai manyan ƙarti ba. Wannan ne karonsa na farko a matsayin sana'a. Ni na ga yadda ya rame, kullum gudu daga Suleja har Gauraka, ciki ba komai sai ruwan shayi.

"Mu Yarabawa ba a mayar mana da kwano!" Baba ya daka tsawa. "In ka fita ba ka taɓa abincin nan ba, ka manta da Omolara!"

Irmiya ya kalle ni. Sai na ga ya jawo ruwan wanke hannu. Wallahi zuciyata ta karye, kuma raina ya ɓaci, wai wahalar nan duka ta tafi a loma!

Na riƙe hannunsa gam.

"Ba za ka ci ba, masoyina."

"Lara, sake ni... ke kin fi min dambe."

"Ni kuma ba na auren wanda zai riƙa kallona yana tuna abin da ya rasa!"

Na jawo kwanon gabana, na zauna daram a tabarmar Baba, abin da ban taɓa yi ba. Mama ta dafe ƙirji.

"Omolara! Kin haukace?"

"Baba, kai ka koya min a coci cewa mata da miji jiki ɗaya ne. To, ga shi yana ci."

Na dinga kai loma ina hawaye, miyar agushi har gwiwar hannu. Ban tsaya ba sai da na suɗe kwanon tas.

Baba ya daɗe yana kallona, sannan ya juya ga Irmiya.

"Tashi ka tafi Kadunan. Ran Lahadi ka dawo, ko an doke ka ko ka doke. Kwano biyu za ka ci, a gabana."