Cikin Hula

Innata ba ta duniya yanzu. A da can tana sana'ar hula, mu huɗu muke yi mata ɗinki. Kafin ta biya kowa, sai ta juya hula ta duba cikinta.

Wata rana na kawo huluna huɗu, Tasalla ta kawo biyu. Inna ta juya nawa, ta juya nata, ta ba Tasalla kuɗi fiye da ni.

Na ce, "Inna, ni ce fa 'yarki."

Ta ce, "Ke 'yata ce, amma zaren nan mai reto ba ɗana ba ne. Je ki warware."

Na warware ina gunaguni, na sake ɗinkawa a tsanake. Da na dawo, ta juya, ta yi murmushi, ta biya ni daidai da Tasalla.

Ku taya ni addu'a, Allah Ya haskaka kabarin Inna.