Hannun Hagun Baba

Auta ta shigo falo da tiren shayi, ta ja ta tsaya. Babanta ne a gaban fiyano, Malama a gefensa, yana dariya irin wadda rabonta da ji tun rasuwar mahaifiyarta.

Likita ne ya ba da shawarar darasin bayan Baba ya sami shanyewar ɓarin hagu, don yatsun su riƙa motsi. Malama mijinta ya rasu, tana bin gida-gida tana koyar da yara da manya. Dabararta ita ce ta ɗora hannunsa na hagu a bayan nata, tana kaɗawa yatsunsa na bin nata, har suka fara tuna hanya.

Da Malama ta tafi, Baba ya ce, "Auta, zauna. Ina so in nemi aurenta."

"Aure, Baba? A ɗakin Mama? Lesin aka ce ta yi maka — ba ta gaje gida ba!"

"Ban manta da mahaifiyarki ba. Kaɗaici ne ya ishe ni."

Auta kuwa shalele ce, ba ta taɓa neman abu an hana ta ba. Ta yi kuka, ta ƙi cin abinci, washegari ta tare Malama a bakin ƙofa ta ce an daina lesin. Malama ta dube ta ba fushi, ta ce, "To, 'yata. Amma ki riƙa motsa masa yatsun kullum, kada su sandare." Auta ta kunnen dama ta ji, ta hagu ya fita.

Baba bai yi faɗa ba. "Tunda ba kya so, na haƙura," iyakar abin da ya ce ke nan. Ya ci gaba da kaɗawa da hannu ɗaya, daga baya ya sa aka lulluɓe fiyanon da zane.

Sai da auren Auta ya matso gaskiya ta yi halinta. Tana haɗa kayanta, ta miƙa wa Baba madubi ya riƙe mata, ya suɓuce ya tarwatse a ƙasa. Ta kama hannun hagun, ta ji yatsun sun dunƙule kamar busasshen ice. Ita ga ta za ta tafi gidan wanda take so, shi wa zai ɓalle masa ko maɓallin riga?

Ta iske Malama tana koyar da wata yarinya, ta durƙusa tana kuka. "Ki yafe mini, ki dawo."

"Tashi, 'yata. Kishin uwa ba laifi ba ne, tauye uba ne laifin. In har yana nan a kan bakansa, ni na amince da aurensa."

Mahaƙurci mawadaci: an ɗaura auren Baba da Malama kafin na Auta. Sai dai likita ya duba hannun ya girgiza kai, ya ce lokacin gyara ya wuce.

Iyaye ma suna da zuciya, kuma ɗan da ya toshe farin cikin mahaifinsa zai ga cewa da-na-sani ƙeya ce. Duk ranar da Auta ta zo gida ta ga Malama na gyara masa hannun riga, sai ta so ya zage ta ko sau ɗaya, ta sami sauƙi. Shi kuwa sai dai ya ɗaga hannun daman ya sa mata albarka.