Fashin Teburi Mai Ƙafa Biyu

"Kowa ya kwanta ƙasa!" in ji Léonce, yana wulwula bindiga hagu da dama.

Kowan nan mutum ɗaya ce. Madam Lacaze, tsohuwa mai shekara tamanin da ɗaya, tana zaune gaban kwanon miya da adiko a wuya. Ta dube shi ta saman tabarau.

"In na kwanta, wa zai tashe ni?"

Babu wanda ya shirya wa wannan tambayar. Léonce ya ce to ta zauna inda take. Ta ci gaba da shan miyarta.

Mu uku ne ranar, ƙarfe sha biyu da rabi na rana, a hawa na uku na wani tsohon gida da ke bakin kogi a birnin Bordeaux na Faransa. Léonce ne oga. Firmin ne direba, kuma majiyin ƙarfi. Ni Marcelin, ni ne masanin. Shekara ashirin da shida na yi ina dakon kaya a gidan gwanjo kafin su sallame ni, kuma ko kofin shayi bai taɓa fashewa a hannuna ba. Ba ni da mata, ba ni da gida nawa, wannan sunan kaɗai na mallaka. Duk wanda ya saya mini kofi ɗaya a mashaya sai ya ji labarin. A irin wannan surutun ne na ba da labarin wani teburin bango da na taɓa gani a gidan wata tsohuwa, mai shekara ɗari biyu da talatin, ƙafafu sun sha ruwan zinariya, faifan jan dutsen marmara a kai. Léonce yana gefe yana saurare. Bayan mako guda ya zo ya ce akwai dillalin da zai biya faran dubu ɗari uku, kuɗin ƙasar. Bakina ne ya kawo ni, ba kowa ba.

Teburin yana nan inda na bar shi, ƙarƙashin madubi. Firmin ya sa hannu zai sunkuce shi.

"Kai, cika shi!" na ce. "Ba ka ga ƙafarsa biyu ba? Bango ne ke riƙe da bayansa. Ka fizga, sai dai mu tafi da itacen girki."

"To yaya za a yi, malamin makaranta?"

"A fara ɗage marmarar. Ajiye ta kawai aka yi, ba a manne take ba. A naɗe ta da bargo, a ɗauke ta a tsaye kamar gilashi. In ka ɗauke ta a kwance, nauyinta ne zai karya ta a tsakiya."

Léonce ya duba agogo. "Minti biyar muka tsara, Baba."

"Ku kuka tsara. Ni ba ku tambaye ni ba."

Na cusa bindigar da suka ba ni a aljihun baya, domin aikin yana son hannu biyu. Na fito da barguna uku, na durƙusa, na fara kwance ƙusoshin bango ɗaya bayan ɗaya. Sun yi tsatsa. Na nemi mai.

"Akwai man zaitun a kicin, saman murhu," in ji Madam Lacaze. "Kuma kai mai gashin baki, ka daina taka mini kafet da wannan takalmin."

Léonce ya ɗage ƙafa. Na ga lokacin da ya gane abin da ya yi, sai ya mayar da ita da ƙarfi.

Abin da ke faruwa a ƙasa, a kotu na ji shi daga baya. Mun zo ne cikin shuɗin kayan masu kwasar kaya, da motar haya, dabara ce tawa kuma na yi alfahari da ita. Odile, matar da ke tsaron ƙofar gidan, ta leƙo ta taga ta gan mu, ta dubi agogon bango. Nan take ta ɗauki waya ta kira 'yan sanda. Da sufeto ya tambaye ta me ya sa ta zarge mu, cewa ta yi tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin masu kwasar kaya suna aiki tsakanin sha biyu da ƙarfe biyu ba. Gaskiyarta ne. Ni kaina, a shekara ashirin da shida, ban taɓa ɗaga ko kujera a lokacin abincin rana ba. Ban san yadda aka yi na manta ba.

Sufeto Darrigade yana gidan abinci da cinyar agwagwa a gabansa lokacin da saƙon ya same shi.

"'Yan dako suna aiki yanzu?" ya ce. Ya ajiye cokali. "Ku tayar da mota."

Mu kuwa sai da muka cinye minti ashirin da biyar. Léonce ya rungumi gangar jikin teburin ya yi gaba. Ni da Firmin muka biyo da marmarar a tsaye, kilo casa'in, ni a ƙasa ina ja da baya, shi a sama. Matakalar gidan murɗaɗɗiya ce, ga ta ƙunci.

"Taka ɗaya. Tsaya. Taka ɗaya."

"Ka yi sauri, tsoho, hannuna zai cire."

"Ba a sauri da marmara."

Muna tsakanin hawa na biyu da na ɗaya muka ji jiniya.

Daga ƙasa Léonce ya kwaɗa kira: "Sun iso — ku yar da shegen dutsen, mu fece!"

"Firmin, kada ka kuskura —"

Ya kuskura. Ya dire gefensa a bakin matakala, ya matse ta jikin bango ya wuce ni, ya ranta a na kare. Duk nauyin ya dawo kafaɗata. Na ji ƙofar mota, na ji ƙarar taya, na ji harbi biyu, sannan shiru.

Akwai ƙofar baya ta farfajiya, na san ta, taku ashirin ne daga inda nake. In na zame kafaɗa, marmarar za ta gangara ta tarwatse, ni kuma in ɓace cikin lungu kafin su gama kewaye gidan. Na yi wannan lissafin sarai.  Na ce wa kaina, Marcelin, sake ta. Hannuna ya ƙi. Shekara ɗari biyu da talatin tana duniya, ta ga juyin mulki, ta ga yaƙe-yaƙe, a ce a hannuna za ta ƙare? Hali zanen dutse.

Takun takalma ya hau matakala.

"Hannu sama!"

"Yallaɓai, in na ɗaga hannu, ni da kai da dutsen nan duk a ƙasa za a tsince mu. Ka zagaya ka kama can."

Sufeto ya dube ni, ya dubi bindigar da ke leƙowa daga aljihuna. Ya zare ta a hankali ya miƙa wa na bayansa. Sannan ya cire kwat.

"A tsaye, ranka ya daɗe, kada ka kwantar da ita. Yawwa. Taka ɗaya."

Haka muka mayar da ita hawa na uku, ina ba sufeton 'yan sanda umarni yana nishi. Sai da muka jingina ta a bango na miƙa hannu aka sa mini ankwa. An ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ni ko rabin rana ban samu ba.

Sauran ba su yi nisa ba. Teburi mai ƙafa biyu ba ya tsayuwa a bayan mota, kwanar farko ya kife, ƙafa ɗaya ta ɓalle. Dillalin ya ga guntayen katako babu marmara, ya rufe ƙofarsa. A hanyar iyaka Léonce ya tura Firmin sayen taba, ya ja mota ya bar shi. Firmin ya shiga ofishin 'yan sanda da ƙafarsa ya faɗi lambar motar. A shingen hanya Léonce ya zaro bindiga, 'yan sanda suka riga shi harbi, nan ya mutu. Shekararsa talatin da huɗu.

Ranar shari'a lauyana ya zo da ƙwarin gwiwa. Ya ce wa alƙali ga mutumin da ya sayar da 'yancinsa don ya ceci kayan tarihin ƙasa. Har na ji hawaye ya taru mini. Sai aka kira Madam Lacaze, ta zo tana dogara sanda.

"Wane kayan tarihi?" ta ce. "Ta asalin ai marigayi mijina ya fasa ta shekara talatin da suka wuce, ya hau kai zai rataye madubi. Wannan daga shagon mahaucin unguwarmu ya sayo ta, da mutumin zai rufe. Aka yanka ta daidai teburin."

Kotu ta kwashe da dariya, har magatakarda. Ni kuwa ina kallon tafin hannuna. Ranar fashin bargon ya zame a matakala, minti goma hannun nan yana manne da bayan dutsen, sumul yake, yankan inji. Tsohuwar marmara bayanta kaushi ne da shi, domin da zarton hannu aka yanka ta. Wanda ya yi wata guda a gidan gwanjo ya san wannan.

Alƙali ya goge ido, ya yanke mini shekara shida, ya tambaya ko ina da abin faɗa.

Na miƙe na gyara kwalata.

"Ranka ya daɗe, a rubuta dai cewa ko ta mahaucin ce, ba ta fashe a hannuna ba."