Lamba Sha Bakwai

Ranar da wata budurwa ta fara aiki a ɗakin gwajin jini, tiren gilasai ya suɓuce mata a gaban matashin likitan da ke bincike a wurin. Ya durƙusa ya taya ta tsincewa yana murmushi. Da ya lura ko lokacin cin abinci ba ta cire safar hannu, sai ya sa mata suna 'Yar Safa.

Bai san jajayen gyambuna take ɓoyewa ba. Bai kuma san tana cikin majinyatan da suka ba da jini don bincikensa ba, tunda lamba ake rubutawa a kwalba, ba suna ba.

Wata rana ya ja mata kujera gaban madubin gwaji.

"Zo ki ga ikon Allah, 'Yar Safa. Fararen ƙwayoyin jini in sun ga cuta, fashewa suke yi, su watsa abin cikinsu kamar raga su kama ta. Amma na lamba sha bakwai ba sa jiran cuta. Ragar tasu jijiyoyin mai jinin take ci. Allah sarki, ko wace baiwar Allah ce?"

Ta sunkuyar da kai, ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Wata shida suna soyayya ba ta faɗa ba. Sai ma'aikaciyar da ta ɗebi jininta, wadda ita ma take son likitan, ta kai wa mahaifiyarsa labari. Umma ta ce ɗanta ba zai auri jinya ba.

'Yar Safa ta tura masa saƙo: "Ni ce lamba sha bakwai. Kullum kana tausayin jinina a gabana, na kasa buɗe baki. Ka yafe mini."

Ya amsa: "Ni ke da jin kunya, masoyiyata, da na yi ta zuba a kan ciwonki. Na zauna da Umma. Ta ce ki zo, kuma ban da safa."

Ta tarar da Umma a kishingiɗe, ƙafarta ɗaya bisa matashi, babban yatsan ya kumbura suntum. Ta gaishe ta, hannaye a bayanta.

"Kawo su nan, 'yata."

Umma ta juya hannayen a hankali, ta daɗe tana kallo.

"Ya ce irin ragar da ke cin hannunki ce ta taru a yatsana. Ni ce lamba huɗu. Na hana shi faɗa wa kowa, kar a ce tsufa ya kama ni. Ashe gwano ne ba ya jin warin jikinsa!"

Umma ta yi dariya, hawaye na zuba.

Ranar aure amarya ta zauna hannu a buɗe bisa cinyarta. Umma ta ɗingiso ta kama hannayen duka biyu.

"Allah ya ba ku lafiya da zaman lafiya. Ragar tamu kuma, Allah ya sa ta san abokin gaba."